Ƙafar Duna Mai Ɗumi

Duna karen 'yata Auta ne, kuma shi ne ƙararrawar gidanmu. Auta na da farfaɗiya. Kafin ciwon ya taso mata, Duna zai sha gabanta, gashin kafaɗunsa ya miƙe, ya yi ta haushi har in yar da almakashi in fito daga shago a guje.

Tun ranar da babur ya buge shi a gindin wuya, sai ya yi shiru. Yana ci, yana ɗan ɗingishi, amma kwance yake wuni. A cikin makon ne Auta ta faɗi a bakin famfo, ba wanda ya sani sai da muka ji ƙarar bokiti.

Na shafa ƙafafunsa na gaba: ta dama da ɗumi, ta hagu da sanyi. Na ce shi ke nan, ta hagu mutuwa take yi. Na ɗinka mata safa da ƙyallen ulu.

"Tela," in ji matata, "shekara nake roƙon ɗankwali, kare ya riga ni samun safa?"

Da na kai shi wurin likitar dabbobi, sai ta cire safar tana danne dariya. "Baba, ai lafiyayyar ka lulluɓe."

Ta ɗora yatsana a gindin wuyansa. "Can ciki, kusa da haƙarƙarin farko, akwai ɗan ƙullin jijiyoyi mai siffar tauraro. Daga shi zaruruwa ke fita zuwa fatar ƙafa da kafaɗa. Su ke sa hanyoyin jini su tsuke, su sa gashi ya miƙe. Na dama ya bugu, ya yi barci, shi ya sa jini ke gudu yadda ya ga dama, fatar ta yi ɗumi."

"Zai farka, Likita?"

"Mai yiwuwa. Ka riƙa taɓa ƙafar. In ta yi sanyi, ka gode wa Allah."

Tun daga nan, in rana ta yi tsaka gyangyaɗi ya ɗauke ni a kan keken ɗinki, sai in ga tauraron. Yana rataye cikin duhun ƙirjin kare, fararen zaruruwa na zuba daga jikinsa, ni kuma ina bin kowanne da allura, ina neman inda ya tsinke. Wani lokaci zaren kan zarce har wuyan hannun Auta. In farka, in laluba ƙafar Duna ta dama a ƙarƙashin tebur: ɗumi.

Wata la'asar, hannuna ya sauka kan ƙafar, na ji sanyi. Na ɗauka ta hagu ce. Na laluba ɗayar, ita ma sanyi.

Ban gama fahimta ba Duna ya zabura. Gashin kafaɗunsa duka biyu ya tashi, ya nufi tsakar gida da haushi. Na bi shi ba takalmi.

Auta na tsaye da tsintsiya, idonta ya fara yin nisa.

"Baba..."

Kanta bai taɓa ƙasa ba. A hannuna ta sauka.