Gawon da Na Sa wa Ganye

Ɗakin da nake aiki a biron porje na Filinge, ofishin ayyukan raya ƙauyuka, ba shi da taga. Da can wurin ajiyar takardu ne, aka kwashe rabinsu, aka sa tebur da ordinata, wato kwamfuta, aka sa ni. Aikina in zana gini tun ba a aza tubalinsa ba, in mai da shi hoto, har mai kallo ya yi zaton an gama. Tun da sojoji suka karɓi mulki porje da yawa suka rufe, kuma cikin mu bakwai da muka koyi aikin nan a Yamai ni kaɗai ke da kujera. Shi ya sa ko tari zan yi sai na duba ƙofa.

Hoton farko na mangazar ajiyar hatsi da za a gina a ƙauyenmu, can hanyar Bonkuku, dattawa sun maido shi. Itatuwan da na tarar cikin ordinata na jera, dogaye masu tsini, da ciyawa shimfiɗe kamar darduma. Mai gari ya ce gini ya yi kyau, amma a ƙasar wasu yake, shi kuwa ba ya sa hannu a kan ƙasar wasu.

Mushe Sahabi, shugaban biro, ya aje mini pilan, takardar tsarin ginin, a kan tebur.

"Dijatu, ke ɗiyar wurin ce. Ki yi shi ya yi kama da gaske, su gani su ji ƙanshin ƙasarsu. Ran Laraba za mu koma."

Da ya fita na bi lambobin pilan na ɗora su kan taswira. Na sake. Na kuma sakewa. Wurin bai gusa ba. Gamanar Inna ce, 'yar gonar da babana ya yanka mata kafin ya rasu, wadda ba ta da takarda sai sanin mutane. "Yamma da gari" kawai aka ce wa dattawa. In suka dangwala yatsa a tawada, shi ke nan.

Sau uku na miƙe zan je in sami Mushe Sahabi. Sau uku na kai bakin ƙofa na dawo na zauna. Me zan ce? In ce a ɗaga gini saboda uwata? Sai na yi abin da na iya, na yi aiki.

Na rage hasken bangon, don ba bangon da ke zama fari haka a wurinmu. Na ja masa zirin da ruwa ke bari a ƙarƙashin indararo, na ɓata gindinsa inda awaki ke goga jiki. Yashi na yi shi kala uku, da sawun jaki. Inuwa na juya ta yamma, ta hantsi. Na sa dutsin bayan gari can nesa, ja-ja. Duk abin da na ƙara, hoton na ƙara zama gaske.

Sauran icce. A salulata akwai hoton gawon da ke tsakiyar gamanar Inna, na ɗauke shi da rani, ganye ya rufe shi ruf. Na yanko shi na dasa gefen mangaza.

Mushe Sahabi ya leƙo. "Yauwa! Amma ƙasar ta yi tsirara. Sa hatsi kore shar kewaye da shi, a ga albarka."

"Mushe, gawo..."

"Gawo me?"

"Ba komi."

Shi haihuwar Yamai ne. Bai san gawo ba ya tafiya tare da sauran itatuwa ba: da damana, lokacin da komi ke kore, shi zubar da ganye yake, sai rani ya yi nasa. Na sa hatsin. A raina na ce dattawa za su ga ƙaryar, su sake maido hoton, a ɗauki lokaci, ƙila a manta. Iyakar dabarata ke nan, kuma ko ita ban tabbata tawa ba ce ko ta tsoro.

Ran Laraba da hantsi muka zauna a rumfar mai gari. Na buɗe ordinata, tsofaffi suka matso.

"To, wanga kam garinmu na," in ji mai gari. "Ga dutsi. Har da sawun jaki!"

Aka buɗe kwalin tawada. Sai Baba Kailu, ƙanen babana, ya kai fuska dab da hoton, sannan ya fashe da dariya.

"Ku dubo mini! Gawo da ganye tsakiyar hatsi! Mushe, wace shekara aka yi wagga damana? Ni dai ban gan ta ba."

Rumfa ta ɗauka. Wani tsoho ya ce ƙila gawon ma lakkwal ya yi, karatun boko, a Yamai. Baba Kailu ya juyo gare ni yana share hawaye.

"Ke Dijatu, ba ke ag ga ordinata ba? Ƙarƙashin gawo aka goye ki, ɗiyata. Boko ya cinye wanga ma?"

Na sunkuyar da kai. Na ɗauka an gama, za mu tashi. Amma Mushe Sahabi bai rufe ordinata ba. Ya turo mini ita, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Gyara shi. Yanzu, a gabansu."

"Sai mun koma biro, Mushe."

"Kina da hoton gawo na damana ko ba ki da shi?"

Ina da shi. Guda ɗaya. Na ɗauka bara da na je taya Inna noma. Na so in ce babu, amma ya riga ya ga yatsana a kansa cikin salula. Yana tsaye bisa kaina, dattawa sun kewaye ni, ba ta inda iska ke shigowa. Na yanko iccen, na ɗauke mai ganyen na sa shi a gurbinsa.

Hoton bai taɓa yin kama da gaske irin haka ba. Rassa tsirara, farare, bisa koren hatsi. Ga babban reshen da aradu ta tsaga, ya lanƙwashe gabas. Ga gorar furar Inna rataye a wurin tsagar, da jan ƙyallen da ake ɗaure bakinta.

Dariya ta tsaya.

"Wanga gawon Muna na," in ji Baba Kailu. Muna sunan Inna ne.

Mai gari ya daɗe yana kallon reshen. "Mushe, yamma da gari kuka ce. Ba ku ce gamanar matar marigayi ba."

"Fili ne, ranka ya daɗe, a takarda..."

"Mu ba mu iya takarda ba. Icce muka iya." Ya mai da murfin tawada, ya tura kwalin da yatsa ɗaya har gaban Mushe Sahabi.

A bakin mota Mushe Sahabi ya karɓi ordinata, sannan ya miƙo hannu. Na gane. Na kwance makullin ɗakin nan marar taga daga bakin gyalena na ba shi. Motar ta tafi ba ni.

Na iske Inna tana tankaɗe. Labari ya riga ni isa, amma rabinsa. Ba ta ko ɗago ba.

"An ce ɗiyata ta sa ma gawo ganye ga damana, gaban maza. Da wane ido zan tahi rijiya gobe?"

Sauran bai iso ta ba, cewa gawon ya tsare mata gamanarta, ni kuma aikina ya tafi. Na zauna na jawo turmi.