Gishirin Tukunya Ta Uku

Tun da Iya ta shigo kicin da auduga cushe a kumatu, Kuku ya san yau akwai matsala.

"Me ya sami bakinki?"

Ta nuna muƙamuƙinta, ta yi alamar fizgewa da yatsu biyu. Da ƙyar maganar ta fito. "Haƙori. An yi mini allura. Ba na jin ɗanɗanon komai."

"Yau? Duk ranakun Allah ba ki ga ranar cire haƙori ba sai yau?"

Iya ta ɗaga kafaɗa ta nufi kwandon albasa. Shekararta goma sha ɗaya tana mataimakiyarsa a kicin ɗin otal ɗin, faɗansa ya daɗe da daina shiga kunnenta. Shi kuwa ya tsaya riƙe da gefen tebur.

Ga abin da yake ɓoyewa. Mako uku da suka wuce mura ta kwantar da shi, da ta tashi tafiya sai ta haɗa da hancinsa da harshensa. Zuma da mai duk ɗaya suke a bakinsa yanzu. Ko matarsa bai gaya wa ba, tana zuba masa abinci yana cewa ya yi daɗi, bayan shekara talatin yana kushe mata girki. Ya san abin da ake yi wa kukun da ya tashi aiki. Ya gani a kan maigidansa da ya koya masa sana'a: ranar da hannun tsohon ya fara karkarwa, aka haɗa ɗan taro, aka ba shi agogon bango, aka raka shi bakin ƙofa ana tafi.

Shi ya sa ya yi dabara. Duk tukunyar da ta nuna, sai ya miƙa wa Iya cokali yana harararta. "Ɗanɗana mu ga ko harshenki ya fara hankali." In ta ce da sauran gishiri, sai ya ce, "To, ashe ana koyo." Haka ya yi ta cin moriyar harshen baiwar Allah, ko godiya babu.

Yau kuma Manaja, 'yar mai otal da ta karɓi ragamar wurin wata biyu da suka wuce, ta ce ƙarfe biyu za ta sauko ta zaɓi romon da za a riƙa zubawa a kan gasasshiyar kaza. Kala uku take so ta ɗanɗana.

Romon nan ba irin wanda ake kurɓa a kwano ba ne. Fikafikai da ƙashin baya ake gasawa har su yi ja, a kankare abin da ya kama a ƙasan tire, a haɗa da albasa da karas, a bar su a wuta kaɗan tun safe. Lita goma sai ta ƙafe ta koma ɗaya, ya yi duhu yana sheƙi, yana kama bayan cokali. Wannan duk ido ke yi, kuma idon Kuku garau yake. Gishiri ne bala'in. Ba a sa shi da wuri, don romon na ƙafewa yana ƙara ƙarfi, ba a kuma auna shi, don kajin yau ba na jiya ba ne. A ƙarshe ake barbaɗawa, harshe ne ke cewa ya isa.

Ya raba romon a ƙananan tukwane uku. A ta farko ya matse tafarnuwar da ya gasa har ta yi laushi, ya jefa reshen tayim, ganyen nan mai ƙamshi, ya tsame shi kafin ya yi ɗaci. A ta biyu ya juye laimar kwaɗi irin ta ci, wadda ya soya a bota da masoro, abin da Iya ke kira abincin marasa tsoron Allah. Ta uku ita ce abin alfaharinsa: ruwan lemun tsami don ya yanke maiƙo, ɗigon zuma don ya kwantar da tsamin, sai citta 'yar mitsitsiya. Hannunsa ya san duk wannan ko da a mafarki. Ya sunkuya kan tururin ya ja numfashi har ƙirji, ko Allah zai sa. Ɗumi kawai ya ji a fuska.

Biyu saura kwata sai ga ƙarar takalmin Manaja a kan matakala.

"Baba Kuku, sannu da aiki. Na ce bari in zo da wuri in ga yadda ake haɗawa."

A kicin ɗin nan ta yi rarrafe, shi ya riƙa ɓoye mata cinyar kaza a bayan idon uwarta. Amma yau littafi ne a hannunta da biro, kuma a wata biyun nan ta sallami mai gadi da mata biyu masu gyaran ɗaki, ba ta ɗaga murya ba ko sau ɗaya.

Ya ɗebi gishiri da yatsu uku, ya yi bismillah a zuci, ya barbaɗa a ta farko. Ya barbaɗa a ta biyu.

Manaja ta ce, "Me ya sa ba ka sa kanumfari? Ni ina son ƙamshinsa."

Ya juyo. "Ranki ya daɗe, kanumfari baƙo ne mai korar masu gida. Ƙwaya ɗaya in ta shiga, ba za ki ƙara jin kaza ba. Romon nan abin da zai tallafe shi yake so, ɗan tsami, ɗan ganye, ɗan bota a ƙarshe bayan an kashe wuta."

Ta rubuta. Ya juya kan tukunya ta uku, sai ya tsaya cak. Ya sa mata ko bai sa ba? Akwai ɓurɓushin gishiri a yatsunsa, amma na wace tukunya ne? Ya ƙura wa romon ido, romon na ta sheƙinsa, gishiri kuwa ba ya barin sawu. Ya saci kallon Iya, ta ba shi baya tana tace dankali. In ya ƙara alhali ya sa, babu gyara. Ya kakkaɓe hannunsa a jikin riga.

Sai ya ɗauki cokali kamar kullum, ya bi tukwanen ɗaya bayan ɗaya, yana motsa baki yana kallon silin. Ruwan ɗumi mai santsi, sau uku.

"Sun yi," ya ce.

Iya ta yanka tsokar kaza a faranti uku, ya zuba romon. Manaja ta ci na farko ta gyaɗa kai. Ta ci na biyu ta lumshe ido, har ta ƙara loma. Numfashin Kuku ya fara dawowa. Ta kai na uku baki, ta tauna, ta daina taunawa. Ta ɗauki kofin ruwa ta kurɓa.

"Baba Kuku, ɗanɗana wannan ka ji."

Ya ɗebo a cokali ya kurɓa. Ya riƙe romon a baki yana roƙon Allah ko da ɗan alama, ko na daƙiƙa ɗaya. Shiru. Manaja na kallonsa, Iya ma ta juyo tana ta girgiza masa kai a hankali, ya rasa me girgizar ke nufi. Abu ɗaya ya kama: ta sha ruwa. Wanda ya sha ruwa, gishiri ne ya dame shi.

Ya yamutsa fuska. "Gaskiyarki. Gishirin ya ɗan yi yawa, hannuna ne ya zarce."

Manaja ta ajiye biro. "Babu gishiri a cikinsa ko ƙwaya ɗaya. Ruwan da na sha, bakina na wanke."

Ramin ƙarya ƙurarre ne, ya sha faɗa wa 'ya'yansa haka. Ya buɗe baki zai ce tukwanen ne suka rikice masa, sai ya ji ya gaji.

"Harshena ya mutu, ranki ya daɗe. Hanci ma haka. Tun murar nan."

"To, duk abincin da ke fita wa ke ɗanɗanawa?"

Iya ta zare audugar daga bakinta. "Ni. Ai tun ranar da albasa ta ƙone a bayansa bai juyo ba na gane." Maganar na fita a karkace. "Amma haɗin nasa ne, 'yar nan. Ni ko shekara ɗari zan yi, ba zan san zuma na shiri da kaza ba."

Kuku ya kasa ɗaga ido ya dube ta. Kunya ta rufe shi, har ta so ta fi tsoron.

Manaja ta rufe littafinta. "Ka same ni a ofis ƙarfe huɗu." Fuskarta ba ta nuna komai ba. Har ta juya, sai ta dubi tukunya ta uku. "Wannan fa, haka za a bar shi?"

Ya mayar da tukunyar kan wuta. Ya ɗebi gishiri da yatsu uku ya barbaɗa, ya juya, ya ɗebo a cokali. Ya miƙa wa Manaja.

"Ki gaya mini," ya ce.

Ta ɗanɗana. "Ƙara kaɗan, Baba."

Ya ƙara.