Kunun Kanwar Rukayya

Shekarar da aka hana mata hawa acaɓa, fetur kuma ya yi tsadar da kowa ya koma tafiyar ƙafa, Hajaratu ta taso daga Kabo ta je ƙauyen Jama'a duba Rukayya, matar ɗanta Hambali, wadda ke wankan jego a gidan uwarta, Inna Yelwa.

Tun daga zaure hayaƙi ya tare ta. Inna Yelwa na tsugune gaban tukunyar wanka tana zuga wuta kamar mai dafa ƙafar sa. Aka gaisa, aka tambayi gida da gona da gajiya, sannan Hajaratu ta ce, "Maijego fa?"

"Tana ciki, ta yi ɓul-ɓul abinta. Duk unguwa ana cewa na iya jego."

Hajaratu ta ɗaga labule, tsami ya buge ta. Rukayya na zaune jingine da bango tana haki, ƙafafu sun kumbura suna sheƙi. Ga gwangwani a gefe cike da kaki mai kumfa, ƙudaje sun yanyame shi. Hajaratu ta danna yatsa a ƙwaurinta, ramin ya tsaya bai ciko ba.

"Ba Hambali ya kai ki asibitin Gwarzo bayan suna ba?"

"Ya kai ni, Inna. Likita ya ce zuciyata ta buɗe, ba ta iya tura jini, shi ne ruwa ke taruwa. Ya ce in bar kanwa da gishiri da ruwan zafi. In na kwanta ji nake kamar an tura ni rijiya."

"Ƙwayoyin da ya ba ki fa?"

"An ɗauke. Wai fitsari suke sa ni."

Sai ga Inna Yelwa da ƙwaryar kunu, an narka masa kanwa har ya yi duhu. Ta dire ta tana kallon rufin ɗaki. Rukayya 'yar fari ce, kuma Yelwa a kan kunyar 'yar fari ba ta da ta biyu: ba ta faɗin sunanta, ba ta kallon fuskarta, ko wankan ma kai a sunkuye take watsa mata ruwa da ganye. Ƙibar da take taƙama da ita a bakin maƙwabta ta ji ta.

"Yaya, don Allah dubi ƙafar yarinyar nan," in ji Hajaratu.

"In zuba wa 'yar fari ido a gaban suruka? Ban lalace haka ba tukuna. Da kanwar nan muka yi namu jegon."

"Ƙanwarki Sauda fa? Ba a kumbure aka kai ta ba, tana jego?"

"Wannan sanyi ne ya shige ta. Ruwanta bai tafasa da kyau ba."

Hajaratu ta dubi bakin da ya faɗi haka, jajir da goro. Ta tofar da yawu a bakin ƙofa, ta goye jaririn, ta aika a kira Baƙo mai amalanken shanu. Ƙwayoyin a cikin tukunyar daddawa ta tono su, suna wari.

Yelwa ta biyo su zaure. "Ba a yi arba'in ba. Me zan ce wa mutane?"

"Ki ce na sace ta."

A Kabo Rukayya ta sha ƙwaya, ta yi ta zarya banɗaki har ƙafa ta saɓe, ta fara kwanciya kamar kowa. Likita ya ce zuciyar sai a hankali, kada ta yi saurin wani cikin.

Ita kuwa Yelwa, an ce suna juya baya ta zauna ta shanye kunun tas don kada ya yi asara. Har yau duk gidan sunan da ta je sai ta ba da labarin yadda mutanen Kabo suka tsotse mata yarinya ta koma kamar kara.