Zongo da Manyan Baƙaƙe

Saoudatou ta gaji haɗa turaren wuta da humra daga mahaifiyarta, wadda ta zo Kwatano daga Damagaram tun tana amarya. Shagon nata ƙarami ne, a wani lungu na Zongo, tsakanin mai gyaran salula da mai tuwo. Yayanta Chaïbou, wanda ke harkar motoci a bakin tashar jiragen ruwa, shi ya matsa sai an buɗe mata shafi a intanet. Shi ya je wajen masu yi, shi kuma ya zaɓi komai. Ya raɗa wa shagon wani dogon suna na Faransanci, ya sa aka cika shafin farko da hotunan kwalabe masu ruwan zinare da wani kanti mai madubai da aka kwaso daga intanet. A wurin adireshi aka rubuta "tsakiyar Kwatano" kawai.

Saoudatou ba ta so ba, amma ta bar shi don yaya ne.

Wata rana da hantsi wata mata ta kira, ta ce daga Fidjrossè take, unguwar masu hali, ta ga shafin, tana son kayan ƙamshi na bikin 'yarta. Saoudatou ta yi mata kwatance. Da mai babur ya sauke ta, matar ta tsaya a bakin ƙofa ta dubi wayarta, ta dubi shagon, ta sake duban wayar.

"Ina kantin da ke cikin hoton?"

"Nan ne, madam. Shigo ki shinshina, ai turaren…"

"Wato haka kuke yaudarar mutane?" Ta faɗi da ƙarfi har mai tuwo ta leƙo. Ta kira mai babur ɗin tun bai yi nisa ba, ta hau ta tafi.

Saoudatou ta daɗe a tsaye da murfin kwalba a hannu. Tunda take ba a taɓa kiran ta mayaudariya ba, kuma abin da ya fi ƙona mata rai, matar ba ta yi ƙarya ba.

Da azahar ta kira Oumou, 'yar maƙwabciyarsu da ta karanta aikin kwamfuta a jami'ar Abomey-Calavi, yanzu kuma tana gyara wa 'yan kasuwa shafuka. Oumou ta zo da kwamfutarta ta buɗe. Suka zauna suna jira hotunan su fito, suna saukowa ɗaya bayan ɗaya kamar masu jin nauyin jiki.

"Tanti, wannan shafin ya yi nauyi. Kafin ya buɗe mutum ya gaji ya wuce. Kuma duba, sai an gangara can ƙasa ake ganin lambarki."

"Share su duka."

"Duka? Kawu Chaïbou fa?"

"Shi ke kwaɓa turaren ko ni?"

Suka fito da kaskon wuta bakin ƙofa inda haske yake. Oumou ta ɗauki hoton hannuwan Saoudatou tana barbaɗa turare a kan garwashi, da baƙin lallen da ya fara kodewa a yatsunta. Ta ɗauki ƙofar shagon yadda take, da shuɗin fentinta da ya ɓaɓɓare a ƙasa. Aka rage hotunan suka zama kaɗan. Aka sa maɓallin aika saƙo a sama, inda babban yatsa zai same shi nan take. Aka jera abin da take da shi, kowanne da bayanin layi ɗaya cikin Faransanci da Hausa.

"Sunan fa?" in ji Oumou.

"Rubuta Turaren Saoudatou. A ƙasansa ki sa Zongo, da manyan baƙaƙe."

Oumou ta rubuta.

"Ƙara masa girma."

Washegari Chaïbou ya iso ko sallama bai gama ba.

"Saude, me na gani a waya? Kin san me mutanen Fidjrossè ke ji in an ce Zongo? Cunkoso da kwata da hayaniya. Ni na ɓoye miki wannan don ki samu manyan mutane, ke kuma kin ɗora shi a goshi."

"Yaya, zauna mana."

"Ba zan zauna ba. Akwai mai otel da na yi wa maganarki, na nuna masa tsohon shafin ya yaba. Yanzu in nuna masa ƙofa mai ɓaɓɓararren fenti?"

"Nuna masa. In ya zo ai ita zai tarar." Ta ajiye ludayin da take juya haɗi da shi. "A nan aka yanke mini cibiya, Yaya, kai ma haka. A ɗakin nan Inna ta tsaya kan wuta har idonta ya mutu, da kuɗin turaren nan aka kai ka lakwal ka yi boko. Jiya wata ta tsaya inda kake tsaye ta ce mini mayaudariya saboda hoton kantin wasu. Ba zan ƙara aron fuska ba. Wanda Zongo ta yi wa wari ya sayi nasa a wani wuri."

"To ni na cire hannuna."

"Allah ya saka da alheri kan abin da ka yi a baya. Wannan kam ba zan sauya ba."

Ya fita. Mai otel ɗin bai taɓa kira ba, kuma Chaïbou ya tabbatar labarin ya kai kunnenta ta bakin matarsa. Makonni suka wuce shafin shiru, har Oumou ta ce ko a ɗan rage girman sunan unguwar a gwada. Saoudatou ta ce a bar shi.

Sannu a hankali saƙonni suka fara shigowa. Wata mai gyaran amare daga unguwar Vêdoko ta rubuto ta ce hannun da ta gani a hoton hannun mai yi ne da kanta, ta zo ta ɗauki humra. Ɗalibai mata 'yan Nijar da ke Calavi suka riƙa haɗuwa su yi oda tare. Ba wani tururuwa aka yi ba, amma duk wadda ta zo ta san inda ta nufa, ba ta tsayawa a ƙofa tana ɗaga hanci.

Bayan sallar Juma'a wata rana Chaïbou ya biyo ta lungun. Ya tsaya a bakin shagon, hannu a aljihu.

"Har yanzu ina nan a kan bakana. Da kin ji maganata da kin wuce nan."

"Na ji, Yaya," ta ce tana ɗaure wa wata kaya a leda. "Ɗan matsa gefe, ka tare wa baiwar Allah hanya."