Ladan Gayyar Umara

A shekarar da gwamnati ta ce kowane yaro sai ya shiga boko, aka aiko daga Gaya cewa ƙauyenmu da ke gabas da Gafasa zai samu aji ɗaya. Gwamnati za ta ba da kwanon rufi da ƙofa da malami. Bango kuwa mu za mu gina da gayya, kowane gida ya fito da manyansa da yaransa, don Allah da son ci gaba. Masinja ya faɗi haka, ya hau kekensa ya tafi.

Son ci gaban da muka nuna shi ne, kafin mako ya zagayo an fara tura yara wurin dangi. Mai ƙanwa a Kademi ya tuna da zumunci. Wanda ba shi da kowa a nesa ya shiga duba girman rumbunsa, ko zai ɓoye yaro.

Umara kaɗai bai tura kowa ko'ina ba. Manomin gyaɗa ne, kakansa daga gabas ya zo, kuma mutum ne mai ganin duk garin nan ba wanda ya kai shi dabara. 'Ya'yansa mata uku ne, sai namiji ɗaya tilo, Kabo, wanda ko haƙori bai fara famfara ba. Tsoron Umara ba na banza ba ne. An taɓa ɗauke ɗan wansa zuwa boko a Kano, yanzu sai da Salla ake ganinsa, ya zo ya gai da ubansa a tsaye. Umara ya rantse ba zai haifa wa gwamnati ɗa ba.

Ya sami mai unguwa Ɗanladi a zaure. Mai unguwa na cikin damuwa, don dagaci ya matsa masa, ga shi ko tubali ɗaya ba a buga ba.

"Ranka ya daɗe," in ji Umara, "idan na fito da gidana kaf, muka tsaya kan aikin nan har aka rufa, me zan samu?"

"Lada."

"Ladan yana wurin Allah. Ina nufin na wurinka."

Mai unguwa ya gane. Ya ce, "Ka ba da ƙarfinka, ba za a nemi ɗanka ba. Na yi alkawari."

Washegari Umara ya fito da galma da magirbi da zuriya. Matarsa Hure ta dama kunu ta aiko da shi a masaki. 'Yan matan suna ɗebo ruwa daga kududdufi, shi yana haƙa, Kabo kuma aka jefa shi cikin kwaɓaɓɓiyar ƙasa aka ce ya taka. Ku da kuka san yaro kun san ba a taɓa ba shi aikin da ya fi wannan daɗi ba: abin da kullum ake dukansa a kai, yau shi ake yi masa sannu. Kunya ta fara kama maƙwabta, makaɗi ya fito da ganga, gayya ta kankama. Amma kowa da ƙarfinsa ya zo, yara an bar su inda aka ɓoye su.

Kabo ya zama ɗan gaban goshin magina. Ya san inda ƙofa za ta zauna, ya san inda aka bar taga. Yakan rungumo tubali ɗaya a ƙirji yana nishi, ya kai, ya dawo a guje. Da magariba a yi ta fama da shi kafin ya yarda a tafi gida, yana cewa kada a taɓa masa ɗakinsu. Umara ya yi ta dariya.

Har wani babba ya zo daga Gaya a mota, ya ga Umara da yaransa cikin taɓo, ya tara mu ya ce mu yi koyi da wannan bawan Allah mai kishin ilimi. Umara ya sunkuyar da kai kamar gaske. Mu da muka san zancen muka yi ta tauna goro don kada dariya ta kuɓuce.

Ƙarshen damina aka buɗe aji. Yaran dagaci suka bi gida gida, suka zaƙulo na rumbu, aka aika Kademi aka dawo da 'yan zumunci. Ranar an sha kuka. Mai unguwa kuwa ya yi abin da ba mu saba gani ba, ya cika alkawari. Ya dubi Kabo a gaban malamin da aka turo, wani saurayi Malam Haruna, ya ce, "Wannan bai kai ba." Umara ya kama hannun ɗansa ya juya yana murmushi.

Duk kukan da ake yi a cikin ajin, na Kabo a waje ya fi shi ƙarfi.

Umara ya ce rigimar yara ce, za ta wuce. Ba ta wuce ba. A tafi cirar gyaɗa, ya sunkuya ya ɗago, babu Kabo. Sai a same shi a gindin taga ya yi ɗage yana leƙe. Umara ya yi duka, ya yi lallashi, ya sayo masa rake, har 'yar akuya ya nuna masa ya ce tasa ce. Wata rana yana jan sa zuwa gona, yaron ya turje ya ce:

"Baba, laifin me na yi?"

"Wa ya ce ka yi laifi?"

"Ni na taka ƙasar. Su ɓuya suka yi. Su aka sa a ciki, ni aka kore ni."

Umara ya ja hannunsa suka wuce gona. Daga ranar yaron ya daina gudu. Yana bin ubansa gona, ya zauna inda aka ajiye shi, ba magana, ba dariya, tuwo ma sai an yi da gaske. Abin ya ba ni tausayi, kuma na san ya fi ba Umara, don na gan shi yana magana da yaron yaron na kallon ƙasa.

Hure ce ta fasa ƙwan. Ta ajiye wa Umara abinci ta ce, "Malam, ka ce kana gudun a raba ka da shi. To yanzu yana tare da kai ne?"

Da safe muka ga abin da ba a taɓa gani a garin nan ba: uba ya kamo ɗansa da hannunsa ya kawo shi boko, ba wanda ya aika a kira shi.

Malam Haruna ya ce, "Baba, ai mai unguwa ya ce bai kai ba. Amma bari mu gwada."

Gwajin lokacin guda ne. Yaro ya ɗora hannu ta saman kansa ya kamo kunnen ɗaya gefen. In ya taɓa, ya isa shiga. Kabo ya ɗaga hannu, ya miƙe iya ƙarfinsa, har da cije leɓe. Yatsun suka tsaya kaɗan a saman kunnen. Ashe mai unguwa ko ƙarya bai yi ba.

Ga ƙofar fita Allah ya buɗe wa Umara, ba sai ya ce komai ba. Ya dubi fuskar yaron, ya ga idon ya kawo ruwa.

"Malam, bai tsaya daidai ba ne. A sake."

Ya matsa kusa kamar zai gyara masa riga, ya sa hannu ya karkatar da kan yaron, ya ja gwiwar hannun da ɗaya hannun nasa, har yatsa ya sauka a kan kunne. Malam Haruna ya ɗauke kai yana duban wani abu a bango.

"Ya kai," in ji shi.

Kabo ya fizge ya faɗa ciki a guje, ya kutsa tsakanin yara ya zauna. Umara ya tsaya a bakin ƙofa yana jira ko zai waiwayo. Ya daɗe a tsaye, har malam ya fito ya ce masa a hankali, "Baba, sai an tashi."