Kwanon Gidan Usaini

Ranar da Malam Uzairu ya dawo daga babban asibitin Kano da bayanin ciwonsa, mutanen ƙauyen ba su ji daɗi ba. Shekara biyu suna yi masa hidima. Wannan ya ce basir ne, wancan ya ce atuni, Sabo wanzami ya rantse ɗankanoma ne ya biyo shi tun yana goye. An shayar da shi sabara, an jiƙa masa sassaƙe, an wanke masa allo. Sai ga wata likita da ba ta san ko ƙofar gidansu ba ta zura masa na'ura ta inda ba a faɗa, ta ce gyambo ne ya mamaye babban hanji, kuma ba ya warkewa, lallaɓa shi ake yi iyakar rai.

"Ba abinci ne ya kawo maka shi ba," in ji ta, "amma abinci na tsokano shi. Ka sami littafi kana rubuta abin da ka ci da abin da ya biyo baya."

Uzairu malamin firamare ne a kusa da Zakirai, shekara goma sha tara yana kiran suna a rajista, saboda haka rubutun bai ba shi wuya ba. Cikin wata uku littafin ya kori yaji, ya kori wake da danginsa, ya kori nono, zogale, rama, dambu, da duk abin da ke da dusa ko maiƙo. A taƙaice ya kori abin da ƙasar ke nomawa. Aka bar shi da farar shinkafa mai luguf, da dankali, da dafaffen ƙwai, da koko tatacce ba citta ba kanumfari. Matarsa Zulaihatu ke dafa masa a wata 'yar tukunya daban. Da wannan da ƙwayoyin asibiti, zagayawa sau goma sha biyu a yini ta koma sau uku, jinin ya ɗauke, har yakan gama darasi bai jefar da alli ya ruga ba.

Sai dai a unguwarsu ana ciyayya. Bayan magariba magidanta bakwai kan zauna a tabarma a ƙofar gidan yayansa Usaini, kowa a fito da kwanon gidansa, a jera a tsakiya, a riƙa buɗewa ɗaya bayan ɗaya ana ci tare. Uzairu kan zo da langarsa ta farar shinkafa, wadda ba wanda ya taɓa roƙon a sam masa. In gidan Sabo sun yi tuwon shinkafa yakan gutsiri gaya ya haɗiye. In gidan Muntaka mai shago sun dafa dankali yakan ɗauki ɗaya. Amma kwanon gidan Usaini, inda matarsa Asama'u ke zuba barkono kamar tana fushi da tukunya, ko sau ɗaya bai sa hannu ba.

Mutanen da ba su iya riƙe ranar allurar rigakafi ba, wannan sun riƙe. Suka kuma tuna cewa shekarar da ciwon ya fara ita ce shekarar da aka raba gadon mahaifinsu, fadamar bakin rafi ta faɗo a rabon Uzairu, Usaini ya faɗi wata magana mai zafi wadda shi kansa ya manta, jama'a suka adana masa. Aka haɗa wannan da wancan, aka sami amsa mai sauƙin faɗa fiye da ta likita: sammu aka ba shi a abinci, kuma ya gane gidan da aka ba shi.

Zulaihatu ce ta fara kawo masa labarin.

"Malam, ka san ɗanwaken da Yaya Asama'u ke sayarwa da safe? Da, kwanuka har ƙofar ɗaki suke yin layi. Jiya guda huɗu aka aiko, biyu ma daga baƙi."

"To me ya faru?"

"Kai ka faru."

Washegari da la'asar Usaini ya same shi a fadamar yana duba albasa. Usaini ne ya riƙa goya shi a keke zuwa makaranta shekara shida, kuma har yau bai daina kallonsa kamar wanda zai iya faɗowa ba.

"Uzairu, kai ma ka yarda?"

"Da me, Yaya?"

"Kar ka yi mini boko. Ka san da me."

Uzairu ya zaro littafin daga aljihu ya buɗe masa shafin da aka rubuta yaji, da abin da yaji ya yi masa sau biyar. Usaini bai ko kalla ba.

"Wannan zan ɗauka in bi gida gida ina karanta wa mata? Jiya na miƙa wa Muntaka goro ya ce yana azumi. Bayan magariba fa, Uzairu. Da tuwo a hannunsa."

Da yamman nan Uzairu ya tsaya a gaban tabarma ya yi musu darasi. Ya zana hanji a ƙasa da tsinke, ya nuna inda gyambon yake, ya rantse da Allah yayansa bai taɓa cutar da shi ba. Suka saurara da ladabi. Da ya juya zai wanke hannu ya ji Sabo yana cewa a hankali, "Allah sarki, ɗan halak. Duk da haka rufa masa asiri yake yi."

Nan ya gane rantsuwa ba za ta yi ba. Abu ɗaya za su yarda da shi, kuma a cikin kwano yake.

A makon nan dama cikinsa ya fara murɗawa ta hagu, irin murɗar da ya sani. Zulaihatu ta lura yana dafe gefensa, ta kuma lura ya bar langar a kan turmi.

"Malam, abincinka."

"Yau a wajen Yaya zan ci."

"Ka tuna watan azumin bara? Ni na wanke zannuwan."

"Na tuna."

"To su waye za su wanke na bana, Sabo ko Muntaka?"

Ya sa kai ya fita.

Dambu ne aka fito da shi daga gidan Usaini, da zogale da ƙuli, an kwarara man gyaɗa, yaji ya yi ja a sama. Da aka buɗe, hannuwa biyar suka sami abin yi a wani wuri. Uzairu ya naɗe hannun riga, ya yi bisimilla da ƙarfi yadda na ƙarshen tabarma zai ji, ya kai loma. Abin takaicin, ya yi daɗi. Wata goma sha ɗaya rabonsa da ɗanɗanar abinci mai suna abinci, idonsa ya kawo ruwa, bai san ko na yaji ba ne. Ya yi loma tara. Usaini na gefe yana bin kowace loma da ido.

Ya sake ci washegari, don kar a ce na ganin ido ne. Ya sake a rana ta uku. Kwanukan ɗanwake suka koma goma sha biyu.

A rana ta huɗu jinin ya ɓalle. Kafin azahar ya zagaya sau tara, a na goma bai iya tashi ba. Da rana tsaka aka ciccibe shi zuwa mota, a gaban duk wanda ke da ido a unguwar.

Likitar ta karanta shafi na ƙarshe na littafin, inda ya rubuta dambu da yaji sau uku da kyakkyawan rubutunsa na malami.

"Malam, ba ka gane bayanina ba ne?"

"Na gane, likita."

"To me ya kai ka?"

Ya duba silin.

Aka ce yana buƙatar ƙarin jini. Usaini ya miƙa hannu aka ɗibi leda guda. Labarin ya riga su isa gida, Sabo ya fassara wa jama'a: wanda bai yi komai ba, me zai sa ya ba da jininsa?

Kwana goma sha ɗaya ya yi a asibiti. Da ya dawo, wandonsa na zamewa daga ƙugu, ya tarar ciyayya ta koma ƙofar gidan Sabo. Asama'u ta kife tukunyar ɗanwake. Hujja ta cika: wata goma sha ɗaya bai ci na gidan ba yana lafiya, ya ci kwana uku ya faɗi. Ko littafinsa abin da ya ce ke nan.

Bayan magariba ya ɗauki langarsa, ya wuce tabarmar Sabo ana yi masa sannu da jiki, ya nufi inda Usaini ke zaune shi kaɗai da kwanonsa. Yana zama, Usaini ya kife murfi a kan kwanon ya ja shi bayansa.

"Ko ƙamshinsa kar ka shaƙa."

Sai ya miƙa hannu cikin langar, ya dunƙula farar shinkafar, ya tauna ya daɗe yana taunawa.

"Wannan kake ci kullum?"

"Kullum, Yaya."

"Wallahi da ni na yi maka haka, da na cancanci abin da suke faɗa."

Uzairu ya yi dariya har gefensa ya amsa, ya dafe shi.

A can tabarmar Sabo an ga lokacin da Usaini ya rufe kwanon ya ɓoye shi. Aka adana wannan ma.