Dosiyen Tanti Rahina

A gidanmu ni ake kira idan takarda ta zo. Ta magani ce, ta lantarki ce, ko saƙon da aka turo wa Inna a waya da Faransanci, sai ka ji an ce, "Ina Zuliha?" Ban iya ciniki ba, ban iya gaida baƙi ba sai muryata ta yi rawa, amma karatu kam na iya. Shi ya sa da Tanti Rahina, matar Kawu Tanimu ƙanen Inna, ta iso daga Hamdara ran Litinin, ni aka ce in riƙa raka ta.

Shekara goma sha ɗaya ke nan da aka yi mata aiki a wani asibiti a nan Damagaram. Haihuwar fari ce, ɗan bai zo da rai ba, kuma tun daga nan ko ɓari ba ta sake yi ba. Ta sha sassaƙe, ta sha rubutu, har yanzu tana yawo da wani jiƙo mai ɗaci a gorar roba duk inda za ta. A Hamdara ita ke jinyar Kaka, mahaifiyar su Inna, wadda ɓarin jikinta ya shanye. Ita ke juya ta, ita ke wanke ta, ita ke ba ta koko da cokali. Kullum maganarta ɗaya ce: "Kawunki mutum ne, Zuliha. Da wani ne da tuni ya sallame ni."

Abin da ya kawo ta shi ne wani lokotoron mata, wato likita, da ya zo daga Yamai, sati ɗaya zai yi ya koma. Ta samu ganinsa ran Talata da safe. Ya ga tabon cikinta ya tambaye ta me aka yi mata, ta ce ita dai ta farka ta ga ɗinki. Sai ya ce ta nemo dosiyenta, wato takardun asibiti na wancan aikin, ta kawo masa ran Alhamis, don sai ya san abin da aka taɓa kafin ya ce komai.

Biron ajiyar takardu, wato ofishinsu, yana can bayan asibitin, kusa da inda ake shanya zannuwan gado. Mai kula da shi, Mushe Mutari (mushe shi ne malam da Faransanci), yana ɓarar gyaɗa a kan tebur. Wata ma'aikaciyar jinya tana zaune gefe tana jiran wayarta ta cika. Na yi sallama sau biyu kafin ya ɗago.

"Wace shekara?" in ji shi.

Na faɗa masa. Ya ƙirga da yatsunsa, ya yi dariya.

"Sha ɗaya! Madam, nan ba gidan tarihi ba ne. Shekara goma muke ajiyewa."

"Ashirin ne fa, Mutari," in ji ma'aikaciyar, ba ta ko ɗaga kai ba. "Haka aka koya mana a lakwal ɗin koyon jinya."

"To tashi ki je lakwal ɗin ki karɓo mata."

Suka yi dariya su biyu. Tanti Rahina ta durƙusa har ƙasa, gorarta ta faɗo daga cikin mayafi ta gangara ƙarƙashin tebur.

"Don Allah mushe, ka duba min. Shekara ɗaya ce kawai ta ɗoru."

"Shekara goma kina ina? Sai yau kika tuna kina da ciki a jikinki? Ko dosiyen ne zai haifa miki ɗan?" Ya juyo gare ni. "Ke 'yar lakwal, fassara mata. Babu."

Da Hausa yake magana, ban san me zan fassara ba. Na sunkuya na ɗauko gorar, muka fito.

A bakin ƙofa wani tsohon gardi mai gadin asibitin ya ga Tanti tana share ido, ya tambaye mu. Da na gaya masa sai ya girgiza kai.

"Ba goma ba ashirin, 'yata. Ranar da ɗaki ya cika, ranar wa'adi ya cika. Watan jiya aka fito da su buhu-buhu aka ce a ƙone. Wasu suka ce ƙonawa asara ce." Ya nuna tsallaken titi da haɓarsa. "Ga Shatu can. Buhu biyu ta samu."

Har yau ban san wanda ya faɗi gaskiyar doka cikin su ukun ba. Na dai san maganar tsohon ce ta kai mu wurin takarda.

Shatu mai ƙosai ce, wata ƙatuwar mata da ke tuya ƙarƙashin bishiyar bedi tun hantsi har yamma. Muna isa na ga ta yago takarda daga buhu ta naɗe wa wani ɗan kabu-kabu ƙosai. Ina ganin tambarin asibiti a kai, mai yana bin rubutun yana cinye shi.

Na yi mata bayani, ina in'ina. Ta saurare ni tana juya ƙosai, sannan ta ƙwala wa mai shayin da ke gefenta kira.

"Habibu! Zo ka ji sabon salo. Wannan ta zo neman haihuwa a buhuna!"

Mutanen da ke kan benci suka juyo. Tanti ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta.

"Ku duba," in ji Shatu, "amma takarda sai da takarda. Ni da ita nake aiki. Kuma ba zan tsaya da saida abincina don ku ba."

Akwai kayen lakwal, wato littattafan rubutu, guda biyu a jakata, na tarihi da na Faransanci na bara, waɗanda nake bita da su. Na miƙa mata. Ta buɗe na Faransanci, ta ga rubutuna da nake ja wa layi da jan alƙalamin bik, ta ce, "Wannan ma ya fi shan mai," ta tsage shi gida biyu a gabana.

Muka zazzage buhun farko a kan tabarmarta. An ɗaure takardun dami-dami da igiya, kowane dami da shekararsa, sai dai da yawa sun kwance sun gauraye. Tanti ba ta karatu, don haka ita ke miƙo min ina dubawa. Ta ce ƙarshen azumi aka yi aikin, da damina, tana tuna ruwa yana dukan kwano. Na ga sunayen mutanen unguwannin Birni da Zango da Garin Malam, da cututtukan da na tabbata ko 'yan ɗakinsu ba su sani ba. Na ga sunan baban wata 'yar ajinmu, na yi sauri na kifa shi. Duk wanda na ajiye gefe, hannun Shatu zai zo ya ɗauke. Wani lokaci ma ba ta jira in duba ba, sai ta finciko daga tarin da ban kai gare shi ba, Tanti ta bi takardar da ido har mai ƙosan ya sha kwana.

"Wa ya sani ko taki ce waccan," in ji Shatu. "Bi shi ki roƙa, ƙila ya sam miki ƙosan ma."

Azahar ta wuce muna nan. Yatsuna suka yi baƙi. Ana kiran la'asar, a tsakiyar buhu na biyu, na ci karo da shi: shafi uku da ƙusa mai tsatsa ta haɗe. Rahina Mamman, shekara sha tara, Hamdara.

"Tanti," na ce, "ga shi."

Ta karɓa da hannu biyu ta ɗora a goshinta. Sannan ta maido min. "Karanta."

Na fara a zuci. An rubuta cewa an kawo ta bayan kwana uku tana naƙuda, ungozomar ƙauye ta ce a kawo ta tun ranar farko, mutanen gida suka ƙi. Mahaifa ta tsage, an ɗinke. A ƙasa kuma akwai kalmomi uku, ligature des trompes. A aji an zana mana abin a allo, na san shi sarai. Shi ne abin da mata ke kira juyin mahaifa. An ɗaure hanyar, don wani cikin zai iya kashe ta. Ƙarƙashin wannan an rubuta cewa an yi wa miji bayani ya yarda, ga sa hannun Kawu Tanimu nan da doguwar jelarsa, irin wanda na sha gani.

"Me aka ce?" in ji Tanti. Su Shatu ma suna jira.

"Rubutun lokotoro ne," na ce. "Sai na duba ƙamus a gida."

Da muka isa gida ta ba ni takardar ta ce in riƙe da kyau, ita za ta yi wanka ta rama sallolinta. Na tarar da Inna a madafa tana tuƙa tuwo. Na tsuguna kusa da ita, na gaya mata komai da raɗa. Na zaci za ta saki muciya. Ba ta saki ba.

"Na sani," in ji ta. "Ni na ara masa bik ɗin da ya sa hannu."

Ta ci gaba da tuƙi.

"Kakarki ce ta hana a kawo ta. Ta ce ita tara ta haifa a ɗaka, ba a kai ta likita ba. Tanimu bai iya musa mata ba. Da abin ya faru muka ce a bari ta warke tukuna a gaya mata. Ta warke, sai Kakarki ta kwanta."

"Inna, shekara sha ɗaya tana shan ɗaci. Mutane suna ce mata juya."

"Tana shan ɗaci tana da rai. Tana da miji, tana da ɗaki."

"Amma haƙƙinta ne ta..."

"Rufe min baki da haƙƙi. Kin karanta shafi uku kin zama alƙali?" Ta ajiye muciyar, ta dube ni. "Ran da ta ji, ran nan za ta ɗaure kayanta ta koma gidansu Takieta, kuma ba wanda zai ga laifinta. To wa zai juya Kakarki? Ni da ƙannenki biyar? Ke ce babba. Ke za ki ajiye lakwal ki tafi Hamdara kwasar kashi. Kin shirya?"

Saura wata huɗu in zauna jarrabawar bak, ta gama sakandare. Ban ce na shirya ba.

Ta miƙo hannu. Zan so in rubuta cewa fizgewa ta yi, amma ba haka aka yi ba. Ni na ba ta. Ta tura dosiyen ƙarƙashin tukunya, takardar da ta kwana wata guda kusa da kaskon Shatu ta kama nan take. Ƙusar kawai ta rage cikin toka.

Tanti Rahina ta fito da carbi a hannu, fuskarta a wanke, har ta sa kwalli.

"Zuliha ta duba ƙamus ɗin," in ji Inna. "Gaya mata."

Layin ƙarshe na shafi na uku ya ce aiki ya yi kyau, marar lafiya ta warke ba tare da matsala ba. Shi na faɗa mata. Kalma ɗaya ban ƙara ba.

"Alhamdu lillahi," in ji Tanti. Ta sake faɗa har sau uku. "Ashe lafiyata lau. Ina takardar?"

"Kin san yarinyar nan da rawar hannu," in ji Inna. "Ta zo haska ta a bakin wuta, ta suɓuce mata. Na yi mata faɗa har na gaji. Karatu kamar malam, amma ko ludayi ba ta iya riƙewa ba."

Tanti ta dubi murhu. Ta daɗe tana duban sa. Sai ta zo ta dafa kaina.

"Kar ki yi kuka, 'yata. Ai kin karanta kafin ta faɗa. Yaya, ki daina yi mata faɗa, yau ta ba da kayenta saboda ni." Ta juya wajen Inna. "To me zan kai wa lokotoro jibi?"

"Me zai ƙara miki a kan takarda?" in ji Inna. "Takarda ta ce ba ki da komai. Abin da ya rage ba na likita ba ne, na addu'a ne. Kuma ɗazu Tanimu ya kira, ya ce tsohuwa ta ƙi cin abinci a hannun kowa, bayanta ya fara gyambo."

"Wayyo tsohuwa," in ji Tanti. "Ba su iya juya ta ba ne."

Ran Laraba da safe na raka ta tasha, inda ake shiga motar Mirriya, daga can ta nemi ta Hamdara. Ta samu wuri kusa da taga. Ta saya min dabino, ta tura min cikin jaka duk da na ce a'a. Sau biyu na buɗe baki. Na farko ta ce, "Na'am?" sai na ce ta gaida Kaka. Na biyu direba ya tada mota.

Ta leƙo ta taga tana murmushi.

"Zuliha, na yi wa Allah alkawari jiya. In mace ce, sunanki za a sa mata. Ko kawunki ya ƙi, sai na sa."

Ta kwance bakin gorarta, ta runtse ido ta kurɓi jiƙon, ta yamutsa fuska. Ta goge baki da gefen mayafi, ta ɗaga min hannu, motar ta fita.